Shagon balan-balan da na gwada a Garwa

A watan Afrilu aka yi sunan 'yar ƙanwata a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, ni aka ɗora wa ƙawata tsakar gida. Maƙwabciyata ce ta yi mini kwatancen wani ɗan shago kusa da babbar kasuwa, mai sayar da balan-balan da kayan adon biki.

Kafin ciniki na tambayi mai shagon irin iskar da suke ɗurawa. Ya nuna mini tukunyar gas ya ce, "Hajiya, hiliyam ce. Ba ta kama wuta, shi ya sa take da tsada." Ya ƙara da cewa wasu masu araha iskar haidurojin suke samarwa daga soda da alminiyam, ita kuwa ƙyastu ɗaya ya ishe ta kama wuta. Na san gaskiya ya faɗa, don haidurojin ce iskar da ke cikin Hindenburg, jirgin sama mai kama da ƙaton balan-balan da ya ƙone a Amurka a 1937, mutum 36 suka rasu. Gidan suna kuwa ga murhu, ga kaskon turaren wuta, ga yara ko'ina. Nan take hankalina ya kwanta da shi.

Na ɗauki goma masu tashi, sauran aka hura da famfon hannu. Robar tana da kauri, launin bai zuba a hannu ba.

Inda suka gaza shi ne lokaci. Tun da hantsi yaransa suka zo suka ɗaɗɗaure su a fili, ba wanda ya ce a kai su ƙarƙashin rumfa. Wanda ya san ranar Garwa a Afrilu, zafi na haura digiri 40, ya san abin da ya biyo baya. Kafin la'asar kusan rabi sun fashe, baƙi ba su ma gama zuwa ba.

Fashewar ce ta fi tayar mini da hankali, ba asarar kuɗin ba. Na tarar da ɗan yayata mai shekara 4 yana tsotsar guntun robar don ya yi ƙaramin ƙwallo. Guntun nan in ya faɗa maƙogwaro mannewa yake yi ya toshe numfashi. Gargaɗin na jikin leda, a kula da 'yan ƙasa da shekara 8, amma da Faransanci, da ƙananan haruffa. Da baki ya kamata mai shago ya riƙa gaya wa iyaye.

Zan koma wajensa idan saukar karatun ɗana ta zo, da sharaɗin sai rana ta yi sanyi za a kawo su.