Shatar mota daga Makka zuwa Ɗa'if ta hanyar Hada

Muna gama umara Hajiyarmu ta ce ba za ta koma Kano ba sai ta ga Ɗa'if. Muka ɗauki shatar ƙaramar mota a bakin masauki, riyal 350 zuwa da dawowa. Direban Bahaushe ne haifaffen Makka. Ya ce hanya biyu ce: ta Sail, wadda manyan motocin kaya ke bi, da ta Hada mai hawa dutse. Na zaɓi Hada, muka tashi bayan sallar asuba.

Daga Kar, gindin dutsen, hawa ya fara. Kwalta ce mai kyau, an raba hannun masu hawa da na masu sauka, amma kwana ce a kan kwana kamar maciji ya naɗe itace. Kunnena ya toshe sau uku. Muka kai tsayin sama da mita 1,800 daga matakin teku, zafin Makka ya koma sanyi har Hajiya ta ƙara mayafi. A nan na yaba wa direban. Bai yi tsere da kowa ba, da ya lura jiri na ɗibarta sai ya tsaya inda aka tanada don tsayawa, ya ce, "Hajiya, ki riƙa duban gaba, kada ki leƙa ramin." Ya kuma hana mu sauke gilashi saboda birai da ke zaune a kan katangar titi suna jiran a miƙo abinci.

Muna tsaye a wurin Hajiya ta dubi duwatsun ta yi shiru. Can ta ce, "Ashe nan ƙasar Manzon Allah (SAW) ya zo da Zaidu bin Harisa, aka jefe shi?" Sai hawaye. Ni ma ban iya cewa komai ba.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne gaggawar direban da muka isa Ɗa'if. Masallacin Abdullahi bin Abbas minti 20 kacal ya ba mu, kasuwar rumman da inabi kuwa ko ciniki ban gama ba ya fara danna oda. Ku yi yarjejeniyar awannin jira tun kafin ku shiga mota, ku kuma tambaya ko hanyar a buɗe take, don ana rufe ta idan hazo ya yi yawa ko ruwa ya sauka.

A dawowa ya tsaya mana a miƙatin Wadi Muhrim muka ɗaura harami, muka gangaro muna Labbaika.