Hearts of Stone ko Blood and Wine: Wanne Za Ka Fara Saya?

Ɗan'uwanmu na Ƙofar Ƙaura ya ce ya kammala wasan The Witcher 3 a PlayStation 4, yana tambaya ko ƙarin wasan nan guda biyu da ake saukewa, wato Hearts of Stone da Blood and Wine, sun cancanci kuɗi da data, kuma wanne zai ɗauka idan aljihu bai kai ga duka ba. Malam, sun cancanta, sai dai kowanne da abin da yake ba ka.

Hearts of Stone, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar a watan Oktoba na 2015, shi ne ƙaramin, domin cikin kusan awa goma za ka kai ƙarshensa, kuma yawancinsa a kewayen birnin Oxenfurt da ka riga ka sani yake gudana. Ƙarfinsa a labari yake. Wani hatsabibi mai suna Gaunter O'Dimm ya ceci Geralt, jarumin wasan, sannan ya ce ladansa shi ne Geralt ya cika wa wani mutum mai suna Olgierd von Everec buƙatu uku waɗanda ga alama ba mai iya cika su. A duk wasan ban ga abin da ya sosa mini rai kamar wurin da ake bin tarihin auren Olgierd da matarsa Iris ba, inda kana kallo gida yake mutuwa sannu a hankali saboda zuciyar maigidan ta zama dutse.

Blood and Wine kuwa ya fito a watan Mayu na 2016, kuma da aka fitar da shi dala 20 ne, ninkin kuɗin na farkon. Yana kai ka sabuwar ƙasa, Toussaint, da babban birninta Beauclair, ya ba ka fiye da awa ashirin, da gidan gona naka na kanka mai suna Corvo Bianco, da sababbin hanyoyin ƙara wa Geralt ƙarfi. Girmansa ya kai ga ya ci kyautar wasan da ya fi kowanne a ajinsa a bikin The Game Awards na 2016, alhali ƙari ne kawai. Ya fi cin data, saboda haka a bar saukarsa sai daren da wuta ta zauna.

Idan yawan wasa kake nema, Blood and Wine ya fi riba. Ni dai Hearts of Stone zan fara saya, domin labarinsa ya fi ratsa jiki, kuma shi Blood and Wine an tsara shi ne a matsayin bankwana da Geralt, ya fi dacewa ya zo a ƙarshe. Dukansu na manya ne, kada a kunna su a gaban yara.

Kafin ka biya, duba kwalin faifanka. Idan an rubuta Game of the Year Edition ko Complete Edition, duka biyun suna ciki. Idan ba haka ba, ka tabbatar yankin asusunka na PlayStation ya dace da na faifan, domin ƙarin da aka saya da asusun Amurka ba ya aiki da faifan Turai.