Inle da onle: cikon haƙorin da ake ƙerawa a waje ya ci kuɗinsa?

Idan kogo ya cinye rabin turmi, wato babban haƙorin tauna, likita yakan tsaya tsakanin abu biyu: ko ya danna farin ciko ya toshe ramin, ko ya fere haƙorin duka ya kifa masa hula. Inle da onle a tsakani suke. Ciko ne na tangaran ko zinare da ake ƙerawa a wajen baki bisa awon ramin, sannan a zo a manna. Inle cikin ramin yake zama, ba ya taɓa tuddan da ke saman turmi. Onle kuwa hawa yake ya rufe tudu ɗaya ko fiye. Dabarar tsohuwa ce, tun 1907 William Taggart, likitan haƙori a Amurka, ya nuna yadda ake zuba narkakken zinare a gurbin kaki don a sami ciko daidai da rami.

Hukuncinmu a taƙaice: onle ya ci kuɗinsa, inle kuwa ba kullum ba. Ƙaramin rami mai kaurin bango, farin ciko na zama ɗaya zai riƙe shi da kuɗi kaɗan. Inda onle yake nuna kansa shi ne ramin da faɗinsa ya kai rabin tazarar da ke tsakanin tuddan, ko bangon da ya rage bai kai kaurin milimita 2 ba, ko turmin da aka cire wa jijiya. Farin ciko yana ɗan tsukewa sa'ad da yake daskarewa, a babban rami sai ya ja bango ko ya bar kafa a gefe. Siririn bango kuma rana ɗaya mutum na tauna aya ko ya ci karo da tsakuwa a shinkafa sai ya tsage, wani lokaci har ƙarƙashin dasashi, daga nan sai cirewa. Onle yana haɗe bangon ya ɗauke masa nauyin tauna, kuma bai kai hula cin lafiyayyen haƙori ba.

Aikin zuwa biyu ne. A na farko za a yi allurar kashe zafi, a kwashe ruɓa da tsohon ciko, a gyara bangon ramin ya ɗan buɗe ta sama don abin ya shiga ba tare da ya maƙale ba. In tangaran za a sa, sai an rage tudun da milimita 1.5 zuwa 2, a kuma goge duk wata kusurwa mai kaifi, domin daga nan tsagewa take farawa. Sai a ɗauki awo, ko da ƙullun awo ko da kyamarar cikin baki, a sa cikon wucin gadi na mako ɗaya zuwa biyu. Asibitin da ke da injin CEREC, wanda aka fara aiki da shi a Jami'ar Zurich a 1985, yana sassaƙa abin nan take a gama a rana ɗaya, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba.

Zuwa na biyu shi ne ke raba gwani da ɗan koyo. A gwada, a duba bakin cikon da ƙarfen bincike, kada ya sami wurin kamawa. A zura zaren sakace tsakaninsa da maƙwabcinsa: ya kamata ya wuce da ɗan ƙyar, in ya faɗa salin-alin to nama zai riƙa maƙalewa a nan. Sannan mannawa. Tangaran irin IPS e.max ana shafa wa cikinsa asid na haidirofulorik mai ƙarfin kashi 5 na daƙiƙa 20, a wanke, a sa sinadarin silen da ke taimaka wa gam ya kama. Haƙorin kuma asid na fosforik kashi 37 ake sa masa, daƙiƙa 15 zuwa 30. Zirkoniya, wani nau'in tangaran mai ƙarfi, ba ta jin wancan asid ɗin na haidirofulorik, feshin yashi ake yi mata da gam nata daban, kuma rikita waɗannan biyun na cikin abin da ke sa ciko ya faɗo. Duk wannan a bushe ake yinsa. Miyau ko jinin dasashi ya taɓa wurin, gam ya tashi aiki. Shi ya sa in ka ga likita ya shimfiɗa robar nan da ke keɓe haƙori, ka san ka zo wurin da ya dace. A ƙarshe a haska shuɗin haske ta kowane gefe, a kankare ragowar gam, a sa ka ciji takardar gwaji.

Zinare fa? Har yau babu kamarsa wajen daɗewa: ba ya fashewa, ba ya cin haƙorin da ke gugarsa, kuma rage haƙorin da yake bukata bai kai na tangaran ba. Tsada da launi ne matsalarsa. Kada a haɗa shi da haƙorin Makka, wancan ado ne, wannan magani.

Jin ɗan zafi da ruwan sanyi na 'yan kwanaki ba abin damuwa ba ne. Amma in kana jin haƙorin yana riga sauran haɗuwa, koma a rage shi, aikin minti kaɗan ne, barinsa kuwa yana kawo ciwo da tsagewa. Mai gurza haƙora cikin barci ya faɗa tun farko, a ba shi robar da ake kwana da ita a baki ko a zaɓa masa zinare. Cikon ba ya ruɓewa, amma layin da ya haɗu da haƙori yana ruɓewa, musamman ta tsakani inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa, don haka zaren sakace kullum ne. Ƙwallon dabino, ƙanƙara da fasa ƙashi a bar su, rake kuma a yayyanka shi da wuƙa kafin a sha.