Hitar ruwa ta cikin bokiti: araha gare ta, amma sai da wuta

Hitar tsomawa ce mai wat 1,500, na saye ta a kasuwar Wudil da hunturu ya kama, don itacen dafa ruwan wanka ya soma cin aljihuna fiye da na girki.

Wajen kuɗin wuta ba ni da ƙorafi. Bokiti mai lita 20, a ɗaga shi daga sanyin randa zuwa ɗumin wanka, bai wuce yunit 0.6 ba, minti 25 ya gama. Ko da farashin 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, aka yi lissafi, wanda ya haura zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, bokiti ɗaya naira 135 ke nan. Mu nan ƙauye ba ma biyan ko rabin wannan farashi. A yau naira 135 ƙirare nawa za ta saya maka? Ga shi murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska ke kwashewa, balle da jaura.

Matsalar ita ce lokaci. Ruwan zafi da asuba ake nemansa, na alwalar tsofaffi da wankan 'yan makaranta, wuta kuwa sai ta ga dama, wani lokaci tsakar dare. Kada ma ka yi tunanin ɗora ta a kan ƙaramin janareto, ba zai ɗauka ba, ga tsadar fetur tun cire tallafi a 2023. Dabarar uwargida ce ta fisshe mu: duk sanda aka kawo wuta ta dafa ruwan ya yi zafi sosai, ta juye a babbar kula, da safe a sirka.

Wankan jego kuwa ba hurumin hita ba ne. Tafasa lita 20 sai ta ci kusan yunit 2 da fiye da awa guda, kuma Inna ba za ta yarda mai jego ta yi wanka da ruwan da bai tafasa da ganyen darbejiya a kan itace ba. Ban ma tsaya musu ba.

Ba a sa hannu a ruwa hitar tana jone, ba a kunna ta a bushe, a kuma rataye ta kada ta taɓa gindin bokitin roba. Gida mai yara a kulle ɗakin. Ruwan burtsatsenmu yana bar mata farin dattin da sai an jiƙa ta da ruwan lemun tsami yake fita. Mai samun wuta ko ta awa uku a rana ya saya, wanda layinsu ke yin mako ba wuta ya ajiye kuɗinsa ya nemi murhu mai tsimin itace.