True Grit: Na 1969 Ko Na 2010?

Dukansu fina-finan kaboyi ne daga littafin Charles Portis na 1968: Mattie, 'yar shekara 14, ta biya wani ɗan doka mashayi ya farauto makashin mahaifinta.

Na 1969 John Wayne, a matsayin ɗan dokan, ne ya mamaye shi, kuma nan ya samu Oscar. Raunin fim ɗin Kim Darby, wadda ta fito a matsayin Mattie: ta haura ashirin, ƙuruciyar Mattie ba ta fito ba.

Na 2010, aikin Joel da Ethan Coen, ya fi ƙarfi. Hailee Steinfeld ta fito a matsayin Mattie tana da shekara 13, labarin ya koma bakin Mattie, har yanke mata hannu bayan saran maciji, abin da tsohon ya kauce wa. Sai dai Jeff Bridges, ɗan dokan a nan, yana magana ciki-ciki, don haka a kunna rubutun ƙasan allo.