Tallan shago ya rufe mana tsintsiyar mai shara

Na daɗe ina son in tara finafinan James Bond wuri guda, shi ya sa ran Juma'a da aka sauko daga masallaci na kai memorina wani shagon tura finafinai a nan Gusau. Kuɗi kuwa kun san yadda suke karɓa yanzu, ban tsaya ciniki ba. Na ce wa yaron duka 25 ɗin nake so, daga na 1962 har na 2021, kuma marasa fassara. Ya ce in dawo bayan la'asar.

Daren farko na yaba masa ƙwarai. Ya jera su shekara bi shekara, hoton ma ba laifi. Muka jona a talabijin ɗin mai shayinmu. Mu a majalisarmu ba don harbe-harbe muke kallon Bond ba, kamo kuskure ne abin da ke haɗa mu. Da muka sa Diamonds Are Forever na 1971, aka zo inda jar motar nan Mustang ke gudun 'yan sanda a Las Vegas, sai makanikin cikinmu ya miƙe tsaye da kofi a hannu yana cewa, "Wallahi wagga mota aljannu gare ta, ta shiga lungu bisa tayun dama, ta hito bisa na hagu!" Sau huɗu muka mayar baya, kuma haka abin yake. Wani kuma ya gane fuskar Charles Gray da ya fito a mugu, ya ce ai wannan abokin Bond ne a na 1967, an kashe shi a Japan, ga shi ya tashi ya sauya sheƙa kamar ɗan siyasa. Mai shayi sai da ya ajiye rariya don dariya. Da a daren nan na rubuta sharhin nan, da cewa zan yi kowa ya garzaya shagon.

Sai dai ni abin da ya kai ni sayen tarin nan ɗaya ne, mai sharar nan na Quantum of Solace, na 2008. Akwai inda Daniel Craig, wanda ya fito a Bond, ke zaune kan babur a bakin tashar jiragen ruwa a Haiti, a bayansa wani mutum yana ta shara bilhaƙƙi, amma tsintsiyar ba ta taɓa ƙasa ko kaɗan, iska kawai yake sharewa. Na fi wata guda ina ba su labarin, wasu suna cewa ba yadda za a yi Turawa su kashe wannan uban kuɗi su bar irin wannan ya wuce. Daren Asabar na ce yau za a raba gardama. Majalisa ta cika, har da waɗanda ba sa zuwa. Aka zo wurin, na danna tsayarwa. Ga mai shara, ga sandar tsintsiya a hannunsa, amma daga gwiwarsa zuwa ƙasa wani jan layi mai faɗi ya rufe, ɗauke da sunan shagon da lambar waya da "muna tura finafinai da waƙoƙi". Daidai bakin tsintsiyar! Na mayar baya, na sake, tallan na nan daram. Ashe daga finafinan Craig ya liƙa shi tun daga farko har ƙarshe. Raina ya ɓaci sosai, don abin da na biya kuɗi dominsa ke nan, kuma mutane sun bar harkokinsu sun zo.

Washegari na koma. Na yi masa bayani a tsanake, ya dube ni ya ce, "To Kawu, mi na na abin kallo ga tsintsiya? Ai Bond ɗin shina hitowa sarai." Na ce ya ba ni wanda ba talla, ya ce shi ma haka maigidansa ya ba shi a kwamfuta, in kuma ina son wani sai in sake biya. Maganar nan ta fi tallan ƙona min rai. Ka karɓi kuɗina, sannan ka sa ni kallon tallanka na awa biyu dole?

Da na dawo gida na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, sai ga wasu abubuwan. Na George Lazenby, wanda sau ɗaya kaɗai ya fito a Bond, a 1969, ya yanke ana saura kusan minti goma, wato ƙarshen da ya fi komai muhimmanci a cikinsa babu. A biyu daga cikin bakwai na Roger Moore murya tana riga baki. Na Sean Connery dai lafiya lau suke, ba zan ci haƙƙinsa ba.

In kana son tsofaffin ne kawai, je ka karɓa, amma ka sa ya buɗe maka kowanne ka ja shi har ƙarshe kafin ka miƙa kuɗi. Na Craig kuwa ni na goge su. Ƙanena da ke karatu a Sakkwato ya ce zai zo min da mai tsabta in an yi hutu, kuma makanikinmu ya ce sai ya ga bakin tsintsiyar da idonsa zai yarda.