Dattijon bakin Rijiyar Kusugu ya ci ladansa

Tun da aka koya wa Babbata Hausa Bakwai a makaranta ta hana ni sakat da tambayar Bayajidda. Ranar Asabar na kwashe ta ita da ƙanenta, muka hau mota daga Kano, muka bi ta Kazaure, muka sauka Daura hantsi ya ɗaga.

Rijiyar Kusugu a cikin gini take yanzu, ba a fili ba kamar yadda na zata. Wani dattijo mai farin gemu ne ya tarbe mu, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Bai tsaya yana zuba mana hadda ba. Ƙaramin ya fara kamawa: "Kai, ɗan nan, in aka ce ba ka ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya za ka yi?" Yaro ya zaro ido. Daga nan ya shiga labarin macijin da ake kira Sarki, da baƙon nan Bayajidda da ya taso daga Bagadaza ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa aka ce babu, da yadda ya zo cikin dare ya sare kan macijin, har Sarauniya Daurama ta aure shi aka haifi Bawo. Yana faɗa yana nuna bakin rijiyar da hannu, kai ka ce jiya aka yi.

Abin da ya fi burge ni, da yarinyar ta ce, "Baba, da gaske ne ko tatsuniya?" bai ji haushi ba. Ya ce tarihin baka ne, kaka da kakanni suka bari, masana kuma kowa da fahimtarsa. Sai ya kawo mata wanda ke rubuce: yadda gidan sarautar Haɓe ya koma Zango bayan jihadi, har aka maido Malam Musa kan gadon Daura a 1906. Ni kaina a ranar na fara jin wannan.

Ya jefa guga ya jawo mana. Ruwan sanyi ƙalau, duk da ranar da ake kwaɗawa a waje. Muka sha, muka cika gora ɗaya.

Fadar Sarki daga waje muka gan ta. Dattijon ya ce mu dawo lokacin Sallar Gani, a watan Maulidi, mu ga hawa. Kongolam kuwa, bakin iyakar Nijar, ba nisa, mun leƙa muka ga manyan motoci sun yi layi za su Matamaye da Damagaram, amma ba abin da zai zaunar da yaro a can.

Ɓacin raina ɗaya, mai adaidaitar da ya ɗauke mu daga tasha, da ya ga baƙi ne sai ya ninka kuɗi. Ku yi ciniki kafin ku hau, ku je da safe, ku kuma riƙe abin da za ku miƙa wa mai bayani.

Gorar nan Hajiya muka kai wa. Ta sa an zuba mata a kofi, ta ce ita ma tana yarinya mahaifinta ya taɓa kai ta.